Yadda Za Ka Ziyarci Arewacin Faransa, Daga Lille Zuwa Bakin Teku

Yawancin mutanenmu da suka taka ƙasar Faransa, Paris kawai suka sani. A sauka, a ɗauki hoto a gindin hasumiyar nan ta ƙarfe, a yi sayayya, a juyo gida. Wanda ya shiga jirgin ƙasa zuwa Landan kuwa ya ratsa ta wata shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai gonakin alkama da dankali da gidajen jan bulo, yana hangen ta ta taga, bai san ya wuce inda ya kamata ya sauka ba. Sunan yankin Hauts-de-France. A 2016 aka kafa shi, bayan an haɗe tsofaffin yankuna biyu, Nord-Pas-de-Calais da Picardie. Mutanensa sun kai kimanin miliyan 6, babban birninsa Lille. Ba wurin leƙe ba ne. Ka ba shi kwana takwas zuwa goma, ka kuma yarda cewa teku da ranakun bukukuwa su za su tsara maka tafiya, ba kai za ka tsara musu ba.

Sunayen garuruwan na bar su yadda Faransawa suke rubuta su, domin haka za ka gan su a tikiti da allon tasha. A baki kuwa Lille "Lil" ce, Amiens "Amiyan", Roubaix "Rube", Calais "Kale", Lens "Lans".

Mataki na 1: Fara da zaɓen wata, kafin komai

Mutane kan fara da neman biza, su koma tunanin lokaci daga baya. A nan kuskure ne, don watan da ka je shi zai yanke abin da za ka gani.

Idan shimfiɗar ƙasa da teku kake so, ka je tsakanin Mayu da Satumba. A Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, ka ga ke nan yini ɗaya ya ishe ka abin da zai ci yini biyu a lokacin sanyi. A Disamba kuwa kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe.

Idan al'ada ce ta kawo ka, ranaku uku za ka riƙe. Asabar da Lahadin farko na Satumba ake cin Braderie ta Lille, kasuwar gwanjon da ta cinye birnin gaba ɗaya, tun daga kayan gado na da har tsofaffin kwanuka da littattafai. A farkon Yuli garin Douai yake fito da Gayant, wani ƙaton mutum-mutumi mai tsayin fiye da mita 8, shi da matarsa da 'ya'yansu uku, ƙarti suna ɗauke da su daga ciki suna rausaya su a titi. Sai bikin Dunkerque, daga Janairu zuwa Maris, wanda ya samo asali daga walimar sallama da ake yi wa masunta kafin su tafi kamun kifi na watanni a tekun Iceland. A ranar da ya fi cika, magajin gari yakan tsaya a benen ofishinsa yana watsa wa jama'a bandar kifi. Gaskiya ɗaya game da wannan biki: akwai shaye-shaye da turereniya sosai, maza da yawa kuma shigar mata suke yi. Idan da iyali kake tafe, ka kalla da rana daga gefe, ko ka zaɓi Douai.

Ni dai shawarata farkon Satumba. Yara sun koma makaranta, bakin teku ya rage cunkoso, sanyi bai kama ba, ga Braderie. Sharaɗinta ɗaya: ka kama ɗakin kwana a Lille watanni kafin ranar, in ba haka ba sai dai ka kwana a Arras ko Douai ka riƙa shigowa a jirgi.

Mataki na 2: Takardu

Bizar Schengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama har da Faransa, ta gajeren zama kake nema. A shafin France-Visas ake cike takardar, shi ne kuma zai nuna maka inda za ka kai ta. Kuɗinta Yuro 90 ga babba, ban da ladan cibiyar da take karɓar takardu. Fasfo ɗinka ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za ka bar Turai. Za a nemi inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, da shaidar masauki, da tikitin zuwa da dawowa, da bayanan asusun banki, da abin da yake nuna kana da aiki ko sana'ar da za ka koma mata. Idan gidan ɗan'uwa za ka sauka, wasiƙar hannu ba ta wadatarwa. Sai ya je ofishin magajin garinsu ya karɓo takardar da ake kira attestation d'accueil ya aiko maka da ainihinta.

Ana iya miƙa takardu tun wata shida kafin tafiya, kada ka jira sai saura mako biyu. 'Yan'uwanmu na Nijar su lura cewa an rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai tun farkon 2024, don haka sai su tabbatar da inda za su kai takardunsu kafin su biya kuɗin jirgi.

Ka rubuta tsarin tafiyarka gari bayan gari ka haɗa da takardun. Mai duba biza ya fi natsuwa da wanda ya san inda zai kwana ranar Laraba.

Mataki na 3: Jaka

Rigar ruwa mai hula ta fi lema, domin iskar bakin teku karya lema take yi. Mutanen yankin har suna gare su na ruwan da yake sauka kamar da bakin ƙwarya, "drache" suke ce masa. Ka riƙe rigar sanyi ko da a Yuli ne, da takalmi mai faɗin ƙasa, saboda titunan tsofaffin unguwanni daɓen duwatsu ne. Ga 'yan'uwa mata: hijabi da mayafi babu mai hana ki a titi, a jirgi ko a gidan tarihi, amma dokar Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a tun 2011, wato niƙabi. Gara ki sani tun daga gida.

Mataki na 4: Daga filin jirgi, kada ka shiga Paris

Wannan ita ce dabarar da mutane da yawa ba su sani ba. A cikin filin jirgin Charles de Gaulle akwai tashar jirgin ƙasa mai gudu, TGV, kuma daga nan kai tsaye zuwa Lille bai wuce awa guda ba. Ka sayi tikiti a manhajar SNCF Connect tun da wuri, kuɗin hauhawa yake yi idan rana ta matso. Ka bar tazarar awa uku tsakanin saukarka da tashin jirgin, saboda layin shige da fice. Lille tana da tasha biyu, Lille Flandres da Lille Europe, tsakaninsu 'yar tafiya ce a ƙafa. Ka riƙa duba wacce aka rubuta a tikitinka.

Daga nan gaba, jiragen yanki da ake kira TER su ne dokinka.

Mataki na 5: Kwana uku a Lille

Ranar farko kada ka shiga komai, ka taka kawai. Fara daga babban dandali, Grand'Place, wanda a hukumance yake ɗauke da sunan Janar de Gaulle, don a wannan birni aka haife shi a 1890. A gefen dandalin akwai Vieille Bourse, tsohuwar kasuwar fatake ta shekarun 1650, gidaje 24 iri ɗaya da suka kewaye tsakar gida guda. Da rana masu sayar da tsofaffin littattafai suke baje kolinsu a ciki, dattawa suna buga dara irin tasu. Ka dubi ginin da kyau, bai yi kama da Paris ba. Lille garin Flandre ce, yankin da ya ratsa har cikin Beljiyam, ta daɗe a hannun wasu sarakunan kafin Sarki Louis na 14 ya ci ta a 1667. Shi ya sa injiniyansa Vauban ya gina masa ganuwa mai siffar tauraro a bayan gari. Har yau soja ne a ciki, amma kewayenta lambu ne da kowa yake shan iska.

Safiyar Lahadi ta kasuwar Wazemmes ce, tana ci kuma Talata da Alhamis. Nan za ka ji ka kusa gida: mahautan halal, 'yan Aljeriya da Maroko masu zaitun da dabino, kayan yaji, kaza gasasshiya, ciniki da hayaniya. Ka yi guzuri a nan, don da ka nufi ƙauyukan bakin teku naman halal wuya zai yi.

Rabin yini ka ba Roubaix. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na Lille yana kai wa, wanda ba shi da direba tun da aka buɗe shi a 1983. Roubaix garin masaƙu ne a da, arzikinsa da talaucinsa duk daga ulu da auduga suka fito. Abin gani La Piscine, wurin wanka da ninƙaya da aka gina wa ma'aikatan masaƙa aka buɗe a 1932, a zamanin da gidajensu ba su da banɗakin wanka. A 2001 aka mayar da shi gidan tarihi, aka bar ruwa a tsakiya, hasken rana yana shigowa ta gilashi mai launi yana sauka a kansa. Mai sha'awar saƙa da ɗinki zai daɗe gaban tarin samfurin yadudduka. Garin yana da Musulmi da yawa da masallatai, idan Juma'a ta riske ka a yankin, nan ya fi sauƙi.

Ka kiyaye ranakun hutu: La Piscine a rufe take ranar Litinin, babban gidan zane-zane na Lille kuma ranar Talata.

Mataki na 6: Ƙasar kwal da ƙasar kaburbura

A nan ne nake so ka rage sauri, domin nan zuciyar yankin take.

Ka shiga TER zuwa Lens. Tun kafin ka isa za ka ga wasu baƙaƙen duwatsu masu tsini sun taso a tsakiyar fili. Ba halitta ba ce, hannun mutum ne. Ƙasa da tsakuwar da aka tono daga ramukan kwal ce aka yi ta tsibawa, sunansu "terril". Kusan shekara 270 ana haƙar kwal a wannan ƙasa, sai a Disambar 1990 aka rufe rami na ƙarshe a Oignies. A 2012 UNESCO ta sa yankin gaba ɗaya cikin kayan tarihin duniya, da ramukansa da unguwannin ma'aikatansa, jerin ƙananan gidajen jan bulo da ake kira "coron". Tagwayen tsibin Loos-en-Gohelle ana hawansu a ƙafa. Hawan da ɗan wuya, ƙasar tana zamewa idan an yi ruwa, amma daga sama za ka ga yadda aka dasa garuruwa a bakin ramuka kamar yadda ake dasa ƙauye a bakin rijiya. Ka tuna wa ya tono wannan ƙasa: Faransawa, 'yan Beljiyam, 'yan Poland, Italiyawa, daga baya dubban samari daga ƙauyukan kudancin Maroko. A 1906 fashewar da ta auku a ramin Courrières ta kashe mutum 1,099 a tashi ɗaya. Wanda yake so ya ga yadda aikin yake, kayan aiki da fitilu da ɗakin da ake rataye tufafi a rufi, ya je gidan tarihin Lewarde kusa da Douai.

A kan wani tsohon ramin ne aka gina Louvre-Lens, reshen babban gidan tarihin Paris, aka buɗe shi a Disambar 2012. Ka shiga babban zaurensa. Babu bango a tsakani, an jera kayan bisa zamani, ka fara daga tsohuwar Masar da Iraƙi ka yi ta tafiya gaba. Shi ma Talata yake hutu.

Washegari Arras. Dandalinta biyu kewaye suke da gidaje 155 masu ƙawatattun goshi da rumfuna a ƙasa. Idan ka gan su ba za ka ce Yaƙin Duniya na Ɗaya ya rusa garin ba, sake gina su aka yi bisa kamanninsu na da. Ka hau hasumiyar gari mai mita 75. Irin waɗannan hasumiyoyi, "beffroi", ba na coci ba ne kuma ba na sarki ba. 'Yan kasuwa da masu sana'a ne suka gina su don nuna cewa garinsu yana da 'yancin gudanar da kansa, da ƙararrawarsa da ma'ajin takardunsa. Guda 23 na arewacin Faransa suna cikin jerin UNESCO tun 2005. Bayan ka sauko, ka gangara ƙarƙashin ƙasa a Carrière Wellington, tsofaffin ramukan alli da sojojin New Zealand suka haɗe, inda soja kusan 24,000 suka ɓuya kafin harin 9 ga Afrilun 1917. Da sanyi a ciki, ka riƙe rigarka.

Sai tudun Notre-Dame-de-Lorette, tsakanin Arras da Lens. Jirgi ba ya zuwa, tasi za ka ɗauka, ka yi ciniki da shi ya dawo ya ɗauke ka. Ita ce maƙabartar sojojin Faransa mafi girma, fiye da mutum 40,000. Ka wuce jerin giciye har ka iso sashen Musulmi, za ka gane shi da duwatsu masu lanƙwasasshen kai da jinjirin wata, an rubuta da Larabci "haza ƙabrul marhum". A gaban maƙabartar akwai wani ƙaton zobe da aka buɗe ranar 11 ga Nuwamban 2014, an zana sunaye kusan 580,000 na waɗanda suka mutu a wannan yanki, bisa jerin haruffa, babu ƙasa babu muƙami, abokin gaba kusa da abokin gaba. Ka nemi harafin M ka ga yawan Mohamed. Ban san wani wuri a Faransa da ya fi wannan sanyaya jiki ba. Ka yi musu addu'a kafin ka juya.

Mataki na 7: Abin da za ka ci, da wanda za ka tambaya tukuna

Mutanen arewa masu karɓar baƙo ne, amma girkinsu da giya da alade a ciki fiye da yadda ido yake gani. Carbonade naman sa ne da aka dafa a giya. Welsh cuku ne narkakke da giya, da yankan alade a ƙasa. Potjevleesch haɗin nama ne da alade a ciki. Ficelle picarde ta Amiens ita ma da alade. Har mul, abin tekun nan mai baƙin ɓawo biyu da ake ci da soyayyen dankali, wanda a lokacin Braderie gidajen abinci suke tsiba ɓawonsa a ƙofa don gasa, galibi da farar giyar inabi ake dafa shi. Dankalin kansa a gargajiyance da kitsen sa ake soya shi. Jimla ɗaya ka haddace: "sans porc, sans alcool", ana furta ta "san por, san alkol", wato babu alade babu giya.

Abin da ya rage maka ba kaɗan ba ne. Kifi sabo a bakin teku, gasasshe ko soyayye. Flamiche, wata waina ta tanda da ganyen albasa ko cukun Maroilles, wanda warinsa ya fi ɗanɗanonsa ƙarfi, kamar daddawa. Tarte au sucre mai sukari da man shanu. Ka shiga estaminet ko sau ɗaya, ɗakin cin abinci na gargajiya mai wasannin katako, ka sha kofi. Abincin rana daga sha biyu zuwa biyu ne, wanda ya makara sai dare. Kuma kada ka buɗe baki da tambaya a kanti ko a bas ba ka ce "bonjour" ba. A wurinsu daidai yake da shiga gida babu sallama.

Mataki na 8: Bakin teku

Daga Lille ka nufi Boulogne-sur-Mer ko ƙaramin garin Wimereux da yake maƙwabtaka da ita, ka yi kwana biyu. Boulogne ita ce babbar tashar kamun kifi ta Faransa. Da sassafe ka je bakin jiragen ka ga ana sayar da kamun daren. Tsohon garin yana kan tudu cikin ganuwarsa, ana zagaya ta a ƙafa. Idan da yara, Nausicaá, gidan kallon halittun teku da aka buɗe a 1991, zai ci muku rabin yini.

Yini guda ka ware wa gaɓa biyu. Cap Blanc-Nez farar gaɓar alli ce mai tsayin mita 134 a kan teku. Cap Gris-Nez kuma ita ce inda Faransa ta fi kusa da Ingila, kimanin kilomita 34. Idan gari ya yi garau za ka ga fararen gaɓar Dover da idonka, manyan jiragen ruwa suna wucewa a jere. Ƙauyen Wissant yana tsakaninsu, akwai kuma hanyar ƙafa da take bin gaɓar. Kada ka matsa baki don hoto, alli zaizayewa yake yi ta ƙasa. Motocin haya a nan ba su da yawa, musamman Lahadi, wannan ne yinin da hayar mota take biyan kuɗinta.

Akwai abin da ba zan ɓoye maka ba. Wannan ruwan da kake kallo shi ne wanda 'yan gudun hijira, da yawansu daga Sudan da Eritrea da Afganistan, suke ƙoƙarin ƙetarewa a jiragen roba. A dare ɗaya na Nuwamban 2021 aƙalla mutum 27 suka nutse. Za ka ga 'yan sanda da shingen waya a wajen Calais, kuma baƙar fata zai iya haɗuwa da tambaya. Ka riƙe fasfo da takardar masaukinka a jiki kullum, ka amsa cikin natsuwa. Idan ka haɗu da ɗan'uwa a tasha, sallama ba ta rage maka komai.

Mataki na 9: Baie de Somme, inda teku yake da agogo

Layin jirgin da ya taso daga Boulogne zuwa Amiens yana tsayawa a Noyelles-sur-Mer. Nan za ka sauka, a bakin Baie de Somme, fadamar da kogin Somme yake shiga teku. A lokacin baƙi akwai tsohon jirgi mai hayaƙi da yake kai mutane Saint-Valery-sur-Somme ta wannan gefe, Le Crotoy ta wancan. Ka kwana a Saint-Valery, garin da William na Normandi ya taso da jiragensa a 1066 ya je ya ci Ingila.

Wanda ya tashi a ƙasar da ba teku dole a yi masa wannan bayani dalla-dalla. Sau biyu a yini ruwa yake janyewa ya bar fili na yashi da laka iya ganinka, sau biyu kuma yake dawowa. Ba daga gaba kawai yake dawowa ba, ta kwaruruka yake zagayowa ya tare maka baya kana tsaye a busasshen wuri. Wanda ya san yadda kwari yake kawo ruwa a damina alhali ko ɗigo bai sauka a kansa ba, ya fahimci abin. Saboda haka, da ka isa ka karɓi jadawalin ruwa a ofishin baƙi. Kada ka ƙetare fadamar sai da ɗan jagora mai izini, ka kama gurbi tun da wuri, ka sa kayan da ba ka jin asararsu don laka har gwiwa. Lambar neman agaji 112.

Idan ka bi wannan, ladan yana da yawa. A Pointe du Hourdel, lokacin da ruwa ya janye, za ka hangi garken wata dabbar ruwa da suke kira "phoque", jiki kamar ayu, kai kamar na kare, suna kwance a kan yashi. Nan ne suka fi yawa a duk Faransa. Daga nesa ake kallo, idan aka firgita uwa takan bar ɗanta. Za ka ga tumaki suna kiwo a ciyawar da ruwan gishiri yake shafa, abin da ya sa namansu ya yi suna. A gandun Marquenterre an ga tsuntsaye iri fiye da 300, har da dangin shamuwa, wasunsu Afirka ta Yamma suke zuwa cin rani. Mai yiwuwa wanda kake kallo ya san fadamun Hadeja ko bakin Tafkin Chadi.

Mataki na 10: Amiens, da wani dutsen tunawa a hanya

Babbar majami'ar Amiens, wadda aka aza harsashinta a 1220, ita ce mafi girma cikin irinta a Faransa, rufinta daga ciki ya haura mita 42. Ko kai ba Kirista ba ne ka shiga, kyauta ne, ka cire hula ka yi shiru, ka ga abin da magina suka yi da dutse babu inji. A ciki akwai abin da suke cewa ƙashin fuskar Annabi Yahaya ne, wanda aka kawo daga Gabas a 1206. Masallacin Umayyawa na Dimashƙa shi ma yana da maƙamin da ake dangantawa da shi.

Daga nan ka taka zuwa Hortillonnages, lambuna kusan hekta 300 da ruwa ya ratsa tsakaninsu, galibinsu sai da kwalekwale ake isa gare su. Manoman lambun sun ragu ƙwarai, amma waɗanda suka rage suna kawo kayansu kasuwar bakin ruwa ta unguwar Saint-Leu safiyar Asabar. Duk wanda ya taɓa noman rani zai tsaya ya yi ta tambaya.

Idan kana da sauran yini, ka ɗauki mota zuwa Airaines, kimanin kilomita 30 yamma da Amiens. Sojojin da Faransa take kira tirailleurs sénégalais ba 'yan Senegal kaɗai ba ne, daga duk Afirka ta Yamma da take mulka aka kwaso su, har da ƙasar da take Nijar a yau. Sun yi yaƙi a Somme a 1916, an kuma yi musu mummunar asara a Chemin des Dames cikin sanyin Afrilun 1917. A Yunin 1940 wasunsu suka tsare Airaines har harsashi ya ƙare. Ɗaya daga cikin shugabanninsu, Kyaftin Charles N'Tchoréré, haifaffen Gabon ne. Da Jamusawa suka kama su suka ware baƙaƙe daga farare, ya ƙi yarda a raba shi da sauran hafsoshi, ya ce shi hafsa ne. Nan take aka harbe shi, ranar 7 ga Yuni. Garin ya kafa masa dutsen tunawa. Ba wurin da motocin 'yan yawon buɗe ido suke tsayawa ba ne, wataƙila kai kaɗai za ka tarar da kanka a gabansa.

Mataki na 11: Komawa

Tsaraba mai sauƙin ɗauka ita ce alewar Cambrai mai ɗanɗanon na'ana'a, da macaron na Amiens na garin almond da zuma, da garin saiwar chicorée da mutanen arewa suke haɗawa da kofi. Ka saye su ranar Asabar, don yawancin kantuna a rufe suke Lahadi. Daga Amiens zuwa tashar Gare du Nord ta Paris awa guda da 'yan mintuna ne, daga nan jirgin RER B ya kai ka filin jirgi. Ka duba labarin yajin aiki kwana biyu kafin ranar, idan kuma tashin safe gare ka, ka kwana kusa da filin. Ranar fitarka ta kasance cikin kwanakin da aka rubuta a bizarka, ka ƙirga su da kanka tun daga ranar da ka shiga.